Mundayen Hajja Yagana

Mijinyawa taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya, don haka duk abin da na faɗa a kansa ina da izinin faɗa. Mutum ne mai taurin kai da rowar magana. Sai ya wuni bai ce maka uffan ba, da yamma kuma ya ce kai ne ka cika masa kunne. Bango ɗaya ya raba rumfata da tasa a wani lungu na Ƙofar Dumi, lungun da in babura biyu suka haɗu dole ɗaya ya ja da baya. Ni Babayo wankin hula nake yi. Shi maƙerin farfaru ne, ba ruwansa da fartanya ko gatari, aikinsa azurfa da tagulla: zobba, 'yan kunne, warwaro, mundaye. Tun muna samari muke wurin, har furfura ta cinye mu muna faɗa a kan hayaƙinsa da ke ɓata mini hulunan mutane.

Idan ya fito daga sallar asuba ba ya komawa gida. Zai buɗe rumfa, ya share ƙasan da wata 'yar tsintsiya mai laushi, ya tara sharar a kasko, wai akwai garin azurfa a ciki. Ba a taɓa kai sharar rumfar Mijinyawa bola ba. Daga nan ya shimfiɗa buzunsa, ya jawo ƙaramar uwar maƙerarsa tsakanin ƙafafu, ya hura gawayi, ya ɗora tukunyar tsamiya a gefe, wadda yake dafa aiki a ciki in ya gama don ya yi fari. Kokonsa da ƙosai sukan huce a bayansa ya manta da su. Sau nawa ina shanyewa, bai taɓa tambaya ba.

Ba ya zane a takarda, ba ya kuma kwaikwayon aikin wani maƙeri. Kallo kawai yake yi. Sai ka ga ya ajiye masaba ya zuba wa abu ido kamar wanda aka yi wa asiri: saƙar tabarma, sawun kaza a taɓo, igiyar guga. Hulunan da nake shanyawa ma ba su tsira ba. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na kama shi tsaye a kan hular wani Alhaji yana bin ɗinkin da yatsa.

"Ɓarawon zane," in ce masa, "sauke baƙin hannunka daga hular mutane."

"Ai kai wanki kawai kake yi," ya ce, "ba ka taɓa ganin abin da ke jikinta ba."

Bayan kwana biyu sai ka ga ɗinkin nan ya fito a kan zobe, amma ya sauya kama, ya zama nasa.

Akwai wata ɗabi'a tasa da ta sa dillalai suke jin haushinsa. A lokacin matan cikin gari ba sa zuwa maƙera, sai dai su auna hannu da zare su ba dillaliya ta kawo. Kowane maƙeri zare ɗaya yake karɓa, ya ƙera mundaye biyu iri ɗaya, a wuce wurin. Mijinyawa sai an kawo masa zare biyu, na dama da na hagu, in ba haka ba a koma. Sannan ya tsare dillaliya da tambaya: mai hannun tana daka? Tana wanki? Tana da masu taya ta ko ita ke yin komai? Cewa yake hannun dama da na hagu ba rayuwarsu ɗaya ba. Na dama shi ke bugun bakin turmi da na tukunya, ya fi kauri, ya fi shan wahala. Saboda haka munduwar dama yakan yi ta da ɗan girma, ya ƙara mata jan ƙarfe a wurin narki don ta yi tauri kada ta lotse. Ta hagu kuwa yakan bar ta azurfa zalla, mai laushi, mai haske. Ba ya ɓoyewa, yakan aika a gaya wa mai kaya tun kafin ya sa wuta. Kuma ba ya auna jan ƙarfen nan a ma'auni. Da ido yake zubawa, gwargwadon wahalar da aka ce masa hannun yana sha.

A shekarar da aka mai da Bauchi babban birnin jiha, gari ya cika da baƙi da motocin gwamnati, aiki ya yi masa yawa har yana korar wasu. A cikin wannan shekara ce Hajja Yagana ta zo. Lokacin ba ta je Makka ba, Yagana kawai ake ce mata, wata doguwar Babarbariya mai yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a bayan lungunmu. Ita ba ta aiko dillaliya ba. Da ƙafarta ta zo, ta kwance bakin mayafi, ta zube masa tsofaffin kuɗin azurfa irin masu kan mace, gadon kakarta, ta karɓi zare ta auna hannayenta a gabansa.

"Ba na zuwa biki nake so ba," ta ce. "Ina son abin da zan mutu da shi a hannu."

Ya yi mata bayanin jan ƙarfe. Ta yi dariya, ta ɗaga hannun damanta. "Zuba da yawa, maƙeri. Wannan tun asuba yake matsar tunkuza."

Ya yi makonni bai taɓa azurfar ba, har ta fara aiko masa da faɗa. Ni ma na ce masa ya mayar mata da kayanta in ba zai iya ba, kada Barebari su zo su ƙone mana lungu. Rannan da damina ya tafi 'yar gonarsa a Inkil, ya dawo ba ko ganyen miya a hannunsa, sai wani guntun yaɗon duma da ya tsinko a jikin danga, inda siraran hannayen duman suka nannaɗe kara. Ya kafe shi a bango, ya zauna yana kallo har ya bushe.

Sannan ya fara. Ya narka, ya zuba sanda, ya buga, ya lanƙwasa jikin munduwa. Ya ɗebi wata azurfar ya riƙa jan ta ta cikin hudojin wani faifan ƙarfe, daga babbar huda zuwa ƙarama, har ta koma siririya kamar zaren ɗinki. Ita ce yaɗon. Ya nannaɗa ta a jiki, yana liƙa kowace mahaɗa da sinadari, yana busa wuta da bututu har kumatunsa suka yi ciwo. Ya yanka 'yan ganyaye, ya yi wasu ƙwayoyi ƙanana kamar gero ya ɗora a kansu, wai raɓa ce. Ya gama ta farko, ni na ce ta yi. Ya juya ta sau biyu, ya jefa ta cikin kaskon narki ta narke, wai yaɗon ya yi kama da igiya, bai yi kama da abu mai rai ba. Ranar na zage shi tas, na ce gara a ɗaure shi tun bai fara jifa ba.

Ranar da ya tsamo su daga ruwan tsamiya ya goge, ni da ba na yabonsa ko da kuskure, bakina ya mutu. Yaɗon ya bi jikin munduwa ya zagaye, ba ka ganin inda ya fara balle inda ya ƙare. Na riƙe su na daɗe, sannan na ce, "Ba laifi." Ya san abin da nake nufi.

To, zamani ya juya. Alhazai suka fara shigo da gwal daga Makka da Dubai, kantuna suka cika da 'yan kunne masu ƙyalli waɗanda ake sawa wata biyu su yi baƙi a yar. Amare suka daina son munduwa, wai nauyi, wai kayan tsofaffi. Sai ga masu sayen tsohuwar azurfa suna bin gida-gida da 'yan ma'aunansu, ba ruwansu da zane, nauyi kawai suke nema. Abin da ya tsira daga hannunsu kuma, 'ya'ya ne za su kawo shi nan rumfar su ce a narke a yi musu zoben maza mai dutse. Mijinyawa da hannunsa ya narka aikinsa fiye da yadda zan iya tunawa. Yakan juya abin a tafinsa, ya ce, "Wannan na gidan wane ne, shekarar da aka yi ruwa da yawa," sannan ya saka a wuta. To me zai yi? Da zoben mazan yake cin tuwo.

Ya san inda kowane aikinsa yake a garin nan, a ka yake riƙe da su. Da ɗaya-ɗaya suka yi ta ƙarewa, har wata rana muna zaune ya ce mini, ba tare da na tambaye shi ba, "Babayo, saura na Yagana."

Ita kuwa ba ta taɓa cire su ba, har Makka ta je da su. Bayan 'ya'yanta sun girma sun mai da ita Fadaman Mada, duk sallah in ta shigo cikin gari gaida 'yan'uwa sai ta tsaya a bakin rumfa, ta ɗaga hannaye ta kaɗa.

"Maƙeri, suna nan. Sai mai wankan gawa ta cire."

"Allah ya ja kwana, Hajja," ya ce, ya sunkuyar da kai kamar bai damu ba. Ƙarya yake, ranar har tsire yakan saya mini.

Sai ido ya fara. Da farko gefe-gefe ne ya rufe, yana tuntuɓe da bokitina yana cewa ni na sa masa a hanya. Da ƙyar na ja shi asibiti. Suka ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a lallaɓa sauran da magani. Sauran ma bai zauna ba. Ya koma wuta yana ganin ta ja-ja, mutum kuma inuwa. Jan waya ya gagara, sinadari ya gagara. Cikin 'ya'yansa babu wanda ya koyi sana'ar, kuma ban ga laifinsu ba. Duk da haka kullum sai ya fito, ya share, ya hura gawayi, ya zauna. Wata rana a kawo gyaran maƙalin sarƙa ya yi da lalube. Wata rana har la'asar ba wanda ya yi masa sallama. Ni da na saba tsokanarsa sai na ga tsokanar ta daina yi mini daɗi.

Hajja Yagana ta rasu cikin zafin bazara. Ba a yi arba'in ba 'yarta Maimuna ta bi ta, ta bar yara ƙanana. Muka je gaisuwa duka biyun, ina riƙe da hannunsa. A hanyar dawowa na san abin da ke ransa, mundayen ne, na kuma san yana jin kunyar tunanin.

Da damina ta sauka, wata rana da hantsi, sai ga Mansir babban ɗan Hajja, malamin makaranta ne mai natsuwa, tare da ƙanwarsa Bilkisu. Suka durƙusa suka gaishe mu. Bilkisu ta kwance wani ƙyalle ta sa wa Mijinyawa abin da ke ciki a hannu. Bai tambayi ko mene ne ba. Yatsunsa suka kama yaɗon suka bi shi, fuskarsa ta saki. Rabon da in ga haka a fuskar nan har na manta.

"Baffa," in ji Mansir, "maganar gado ce ta kawo mu. An raba komai, saura waɗannan. Mu uku ne, ni da Bilkisu da marigayiya Maimuna, rabonta kuma ya gangara kan marayunta da ubansu. Malamin da ya yi rabon ya ce abin ya zo da sauƙi tunda biyu ne iri ɗaya: ni in ɗauki ɗaya, ɗayar a raba ta biyu. Shi ne muka ce wanda ya ƙera shi ya kamata ya yanka. Tawa kuma Bilkisu zan ba ta riƙa sawa, don kada a rasa abin tunawa da Hajja."

Na ce alhamdu lillahi a raina. Ɗaya za ta tafi, amma ɗaya za ta zauna a hannun mace, a gan ta a gidan suna, a tambayi wa ya yi ta. Na tashi da kaina zan miƙo masa ɗan zartonsa tun kafin wani ya sake shawara.

Mijinyawa yana riƙe da su, ɗaya a kowane tafi. Ya daɗe a haka. Na ga leɓensa yana motsi, na kuwa san hali. Na taka masa ƙafa. Wallahi na taka, da ƙarfi ma.

"Ba iri ɗaya ba ne," ya ce.

"Na'am, Baffa?"

"Ta dama ta fi nauyi, amma akwai jan ƙarfe a cikinta. Ta hagu ba ta kai ta ba, amma azurfa ce zalla. Hajja ta sani, ita ta ce in zuba."

Mansir ya ce, "To wacce ta fi azurfa?"

"Ban sani ba."

"Jan ƙarfen yaya yawansa yake?"

"Da ido na zuba, ɗana. Idon kuma ka ga yadda ya koma."

Nan fa raina ya ɓaci. "Kai Mijinyawa, wa ya tambaye ka? Shekara da shekaru ana roƙon ka magana ba ka yi, sai yau bakinka ya buɗe?" Na juya wurin Mansir. "Ɗana, rabu da shi, tsufa ne. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Ɗauki ɗaya, in ya so ka ƙara wa yaran wani abu, shi ke nan."

Mansir bai ɗaga murya ba, amma idonsa ya yi ja. "Baffa Babayo, ni na yafe, Bilkisu ma na san ta yafe. Wa zai yafe a madadin yaran? In ƙara musu me, alhali wanda ya ƙera ma bai sani ba? Da ban ji ba da sauƙi. Yanzu na ji."

Bilkisu ta fara share hawaye da gefen mayafi. "Baffa, babu wata hanya?"

"Hanya biyu ce, 'yata," in ji Mijinyawa. "Ko a yanka kowacce gida huɗu, amma ba zai yi daidai ba, don ado ya fi yawa a wani wuri. Ko a narke su tare su zama abu ɗaya, a zuba sanda, a auna, a yanka. Wannan shi ne mai tsabta."

Mansir ya ce to bari su kai wa wani maƙerin, kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfin zuciya. Mijinyawa ya rufe hannayensa a kan mundayen.

"A'a. Babayo, zo ka yi mini zuga."

Na ce ba zan zuga ba. Na ce ya nemi wani mahaukacin irinsa. Na ce Allah ya kawo masa sauƙi har bakin rumfa ya sa ƙafa ya shure, ni ba za a haɗa da ni ba. Ya bar ni na yi ta yi har na gaji, sannan ya ce, "In ka gama, gawayin yana bayan ƙofa."

Na ɗauko gawayin. Me zan yi, in bar makaho da wuta?

Bilkisu ta roƙi a ɗan dakata. Ta shimfiɗa su a kan ƙyallen ta ɗauke su hoto da wayarta, ta juya su ta sake ɗauka. Da ta gama ya karɓa ya sake shafa su. Ya kama yatsanta ya kai ƙarƙashin wani ɗan ganye, ya nuna mata inda yaɗon ya fara, wurin da ni duk binciken da na yi ban taɓa ganowa ba. Ya shafa ta dama, duk ta sha bugu ta yi sheƙi, wasu ƙwayoyin raɓar sun side.

"Kin ji," ya ce, "ba ta lotse ba."

Ya yi bisimilla ya sa su a kaskon narki, ya tura shi tsakiyar garwashi da awartaki. Na zauna a inda ban taɓa zama ba duk tsawon maƙwabtakarmu, na kama zugazugi.

"Ka zama idona," ya ce. "Ta dama za ta fara tafiya. Mai jan ƙarfe ba ta jure wuta kamar zalla."

Haka kuwa aka yi. Suka yi baƙi, suka yi ja. Ƙwayoyin raɓar nan su suka fara zamewa, ganyayen suka lanƙwashe, yaɗon ya kwanta ya shige cikin jiki, ta dama ta zube. Ta hagu ta ɗan tsaya ita kaɗai da adonta duka, har na ji kamar in saki zugar in sa hannu in ɗauko ta. Sai ita ma ta bi. Hayaƙi ya shige mini ido, ko kuwa ba hayaƙin ba ne, oho.

"Sun tafi?"

"Sun tafi."

Muka kama awartaki tare, hannunsa a kan nawa, muka zuba sanda. Da ta huce ya buga ta ta miƙe, Mansir ya duba ma'auni, aka yanka rabi, aka raba ɗaya rabin biyu. Gutsattsari uku ne farare, babu komai a jikinsu. Bilkisu ta ƙulle su a cikin ƙyallen da ta zo da shi.

Da za su tafi ta sake durƙusawa a gabansa. "Baffa, ga su nan na ɗauka, sun fito sosai." Ta sa masa wayar a hannu. Ya kai ta dab da idonsa, ya nisar da ita, ya sake kawowa. Sannan ya ɗora babban yatsa a kan gilashin ya bi shi sama da ƙasa, yadda ya bi mundayen ɗazu.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce, ya miƙa mata.

Sai da ƙarar babur ɗinsu ta fita daga lungu ya juyo wajena. "Babayo, sumul yake. Ba komai a jiki."

Na koma rumfata na tarar hulunan da na jiƙa tun safe sun sha ruwa har sun fara zuba.

Washegari ya fito kamar kullum. Ya buɗe rumfa, ya share, ya tara sharar a kasko, ya shimfiɗa buzu ya zauna. Na jira in ji ƙarar zugazugi ban ji ba. Na leƙa na ce, "Yau maƙeri yajin aiki yake yi?" Ya ce gawayin ya jiƙe. Ni na ɗauko gawayin nan jiya da hannuna, a bushe yake ƙarau.

Yana nan da ransa, har yanzu yana fitowa, yana shan kokonsa da zafi tunda ba abin da zai mantar da shi. Tun daga ranar babu hayaƙin da ya ƙara taɓa mini hula, kuma wallahi ban ji daɗin hakan ba ko na wuni ɗaya.